Kwalekwalen da Ya Nitse Sau Arba'in

Kai da kake cewa zama gaban kwamfuta ɓata lokaci ne, tsaya ka ji wannan. A wani gari na bakin kogi, manyan itatuwan da ake sassaƙa kwalekwale da su sun ƙare. Sai wata injiniya, 'yar masunta, ta ce za ta ƙera na zaren gilashi da danƙo, wanda yayanta zai riƙa yin fiton matan kasuwa a ciki. Yayan nan masassaƙi ne, ya saba bin jijiyar itace, don haka ya kafe a shimfiɗa zaren duka a miƙe, daga goshin jirgi zuwa gindinsa, a gama kafin ruwa ya kawo. Ita kuwa ta ce sai ta gwada. Ta zana jirgin a kwamfuta, ta shigar da ƙarfin zaren da na danƙon, ta lafta masa buhun albasa talatin, ta sa igiyar ruwa ta buge shi a haƙarƙari. Sai ga jan layi ya tsaga cikinsa kamar an fasa rake! Ashe ta tsawonsa zare yake da ƙarfi, ta gefe kuwa danƙo kaɗai ke riƙe da shi. Yayan ya taɓe baki, wai ruwan kwamfuta ba ya jiƙa kowa. Ba ta kula shi ba. Ta gitta zaren kamar saƙar tabarma, ta ƙara kauri inda ja ya fito, jirgi ya nitse, ta sake. Sau arba'in yana nitsewa kafin jan nan ya ɓace, sannan ta yarda aka ƙera.

Ranar kasuwa kogi ya cika ya batse, mata goma sha biyu suka shiga da albasarsu. Suna tsakiyar ruwa wani kututture da ke ɓoye ya daki jirgin a haƙarƙari. Mata suka ɗauki salati. Jirgi ya girgiza, ya wuce abinsa, ko ɗigo bai shiga ba! Kai, ranar an sha guɗa. Da suka kai gaɓa, yayan ya durƙusa ya shafa wurin da kututturen ya daka, ya ce, "Wallahi nan ne ƙanwata ta nuna mini jan layin nan."

To ka ji, malam. Ba a fafe gora ranar tafiya.