Yatsu Uku na Mai Bandar Kifi

Gyara zama ka ji wannan, kai da kake cewa tafki ba ya rasa kifi.

A bakin wani tafki an yi wata mace mai bandar kifi. Masunta su fito da hantsi, ita da 'yan'uwanta mata shida su saye, su banda, su kai kasuwa. Al'adar wurin kuwa, da yatsa ake auna idon koma. In yatsu uku ba su shige ba, komar ba ta taɓa ruwa, don ƙananan kifi su samu ƙofar fita su je su girma. Ana nan sai aka yi rabon gidan sauro a garin. Wani masunci mai wayon tsiya ya haɗa biyu ya ɗinke, ya ja a ruwa. Abin da ya kwaso sai wanda ya gani: 'ya'yan tarwaɗa, 'ya'yan karfasa kamar farce, ƙwai, talibambam, har ciyawar da kifi ke fakewa a ciki. Daro ya cika, kowa ya gani, kowa ya je ya kwance gidan sauron gadonsa. Damina biyu kacal, giwan ruwa ya zama labari, zalɓe ya kwashe ƙafafunsa ya bar tafkin. Matar nan ta duba kan bandarta, ba komai sai ƙaya da ido. Ta san in aka ƙara shekara a haka, ita da wutar banda sun yi sallama ke nan, kuma ba ta da wata sana'ar.

Ba ta kai ƙara ba, ba ta yi kuka ba. Gida-gida ta bi matan nan shida har suka haɗa baki a kan ba mai sayen kifin gidan sauro. Washegari da masunta suka dire kaya, ko kallon daro ba ta yi ba, ta ce a miƙo mata koma. Ta cusa yatsu uku, suka ƙi shiga, ta juya baya. Mai wayon nan ya kwashe da dariya ya ce, "Iya, kifi kika zo saye ko koma?" Ta ce, "Kifin baɗi nake tayawa, ɗan nan. Na yau ka kai wa mai so." To, kifi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. In bai ga hayaƙi ba, kafin la'asar ya fara wari, kasuwa kuma tafiyar yini ce. Mai wayon ya gwada dabara, ya zo da tsohuwar komar ubansa yana nunawa, gidan sauron na ɓoye cikin kwalekwale. Ta shafa ta ji ta a bushe ƙamas, ta leƙa daro ta ce, "Yaushe koma mai idon yatsu uku ta fara haihuwar jarirai?" Mako bakwai bandarta ba wuta. Ta sha kunu ba tsamiya, mata biyu suka so karaya ta zaunar da su, 'yan'uwan mijinta suka ce taurin kai zai kashe ta. Ba ta saki ko yatsa ɗaya ba. Da masunta suka gaji da binne ruɓaɓɓen kifi, da ƙafarsu suka je wurin sarkin ruwa, aka dawo da awon yatsa, aka kuma hana taɓa lungun ciyawar da kifi ke zuba ƙwai har damina ta wuce. Shekarar farko da ƙyar aka ci. Ta biyu ba ta ƙare ba sai ga tarwaɗar da sai an yanka ta uku take zama kan banda.

Ka ji dalilin da ya sa mutanen da suka riga mu suka ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.