Akori-kurar da Ba Ta Kai Baba Ƙauye Ba

Ka ce mini sai ka gama ginin nan kaf, har da fenti da labule, sannan za ka ɗauko mahaifiyarka daga ƙauye. To gyara zama, Ɗanjuma, in ba ka misalin wani mutum da na sani. Ma'aikaci ne mai rufin asiri, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, tsofaffin motoci akori-kura irin na zamanin da. Yana da littafi guda da yake zana su a ciki: wannan za a ɗaga mata ƙafa, waccan a yi mata bodin katako, wata a canza mata inji. Mahaifinsa tsohon direba ne, shekara talatin yana jigilar kaya a irin wannan motar kafin ƙarfi ya ƙare ya sayar. Rannan sai ga ɗan ya yi kiciɓis da ita a bayan wani gareji, ita ɗin dai ta mahaifinsa, duk tsatsa ta cinye ƙofofinta, amma tana tashi. Ya saye ta ya tuƙo har ƙofar gida. Tsohon ya fito da sandarsa, ya shafa sitiyarin, hawaye ya zubo masa. Tsohon yana da ƙane guda a ƙauyensu, sun yi shekara goma sha biyu ba sa ga-maciji saboda rabon gona, kuma hanyar garin rairayi ce da kwazazzabo, ƙaramar mota ba ta shiga. Ya ce, "Tunda tana tashi, kai ni wurin ƙanena mu yafi juna." Ɗan ya ce, "Baba, ba a haka ba. Bari in mayar da ita kamar ranar da ka fara tuƙa ta, ka shiga garinku da mutuncinka."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa abin yake ba ni tausayi har yau. Washegari ya kwance motar da ke tafiya da ƙafarta. Ya sauke inji, ya cire ƙofofi, ya jera notina a gwangwanayen madara, kowanne da takardarsa. Ya kafa wa kansa doka cewa ba zai ɗaura noti ko ɗaya ba sai ya tara kowane ƙarfe na asali. Launi bakwai ya gwada a bangon garejinsa yana neman shuɗin da tsohon ya kwatanta masa. Littafin zane ya cika, ya sayi na biyu. Duk Asabar yana kasuwar Ƙofar Ruwa yana tonon tsofaffin kayan mota, in aka nuna masa sabo mai aiki sai ya ce ba irinsa ba ne. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Kullum da hantsi tsohon yakan jawo kujerarsa bakin garejin ya zauna yana kallon gangar motar a kan duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a inda yake zama da. Bai taɓa yin faɗa ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Ni fa ba kyanta zan hau ba." Ɗan ya yi dariya ya ce saura kaɗan, madubin gefe kawai ya rage a samo.

Akwai wani maƙwabcinsu mai jigilar albasa, da wata akori-kura da sai an tura take tashi, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Duk ranar kasuwa yana bi ta wannan ƙauyen. Sau biyu yana tayin kai tsohon, ɗan yana cewa ba za a ɗauki mahaifinsa kamar buhu ba. Ranar da ɗan ya tafi kasuwar Panteka a Kaduna neman madubin nan, tsohon ya sa babbar rigarsa, ya dogara sandarsa har ƙofar maƙwabcin ya roƙe shi da bakinsa. Suka kama hanya, motar na hayaƙi tana tari. Da suka kai wani fili shimfiɗaɗɗe, tsohon ya ce a ba shi ya ɗan riƙe. Mai albasa ya matsa ya ba shi, ya tuƙa kamar tafiyar rabin mil yana murmushi, yana sa wa mutumin nan albarka har muryarsa ta dushe. Ya isa, ya rungume ƙanensa, suka yi kuka, suka yafi juna. Kwana uku a nan Allah Ya karɓi abinsa.

Ɗan ya dawo da madubinsa a naɗe cikin jarida ya tarar da saƙo. A bayan motar albasar nan ya zauna aka kai shi ƙauyen, kuma ko da ya isa an riga an dawo daga maƙabarta. A wurin zaman makoki mai albasa ya ba shi labarin tuƙin, bai san wuƙa yake caka masa ba. Wannan rabin mil ɗin shi ne abin da ɗan ya yi shekara biyu yana zanawa a littafi. Motar tana nan har yau a kan duwatsunta, madubin yana cikin jaridarsa, kuma bai ƙara buɗe littafin ba.

Mahaifiyarka ba labule take jira ba, Ɗanjuma. Ɗaki ɗaya mai rufi ya ishe ta, ka je ka ɗauko ta a makon nan. Hausawa sun riga sun faɗa: a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.