Bindigar Aro

Ya zazzage jakarsa a kan gado, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ƙaramar bindigar da aka ba shi ajiya, wadda za su ɗauki fim da ita yau, ta yi ɓatan dabo, ga darakta sai kira yake.

Mahaifiyarsa na bakin ƙofa tana jan carbi.

"Umma, ba ki ga 'yar bindigar nan ba?"

"Tana rijiya. Jiya a talabijin na ga an ɗora maka ita a ƙirji, ka faɗi kana shure-shure. Ban runtsa ba."

"Umma, ta roba ce fa."

"Na sani," ta ce, carbin bai tsaya ba. "Ai ƙin nutsewa ta yi, sai da na ɗaura mata dutse."