Sanyin Rimawa

Direba na gama ɗaure katifun matar gidan a kan mota sai yayan marigayi mijinta ya tare ƙofa.

"Shawara nika ba ki," ya ce. "Rimawa ba Sakkwato ba ce. Sanyin bakin ruwa har ƙashi shika shiga, kuma ɗiyan ga cikin birni anka haife su. Ki bar mini su, gonar ƙanena ta can mu saishe ta. Mi mace za ta yi can?"

Ta dubi yaran da suka maƙale da zanenta. Tun da ta fita takaba take shan irin wannan shawara, kuma kullum a kan gonar take ƙarewa.

Ta ɗaga autan ta miƙa wa direba. Manyan suka hau da kansu.

"Na gode, Yaya. Na sai musu rigunan sanyi, itace kuma bai ƙare ba can."

"To, ki bari sanyin shi wuce mana!"

Ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ta nuna masa irin albasa, baƙi wuluk.

"In ya wuce, albasa ta wuce. Shi nika sauri in iske."