Motar da Ba Ta Barin Iska

Tun da iska ta daina kaɗawa a garin, bakin titin tseren motoci mata suke zuwa shiƙa. Mota na wucewa, iskarta za ta kwashe ƙaiƙayi.

Ranar da wata sabuwar mota ta fito, siririya sumul, Tasalla ta ɗaga ƙwarya ta zuba. Motar ta wuce fuu, ko gefen mayafinta bai motsa ba. Gero da ƙaiƙayi suka zube tare.

"Inna, wannan ba ta da iska!"

"Kuma ita ta ci tseren, 'yar nan," in ji uwarta. "Baɗi kowa irinta zai ƙera."

Washegari Tasalla ta zauna gaban tulin gero, tana ɗiba a tafin hannu tana hurawa da baki, don ta saba kafin baɗi.