Dakalin da ya kori mata

Maigidana Nomau ba ya nan yanzu. Bara da kaka Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mini gida, da awaki, da wannan labari da zan ba ka, kai da ka zo kana kukan unguwarku ta mutu, wai sai hukuma ta kawo katafila ta rushe a sake gini.

Garinmu a kan dutse yake, tun kakanni suka hau shi saboda yaƙi. Da aka ja kwalta ta gindin dutsen, sai mutane suka fara gangarawa, yau mai shayi, gobe mahauci, har tela ya ɗauke kekensa. Dandalin tsakiyar gari, inda tsohon masallaci da ceɗiya suke, ya zama wurin kiwon kaji. Kasuwarmu ta Talata ta koma 'yan rumfuna. Ɗanmu Ɗayyabu, mai gyaran babur a bakin titi, ya ce ranar da kasuwar ta daina ci zai sauko da mu, don ba zai bar tsofaffi inda ko ciwo ya tashi babu mai ji ba. Gaskiyarsa ce. Amma Nomau ya ce shi ba ya barin gidan ubansa.

Shi maginin laka ne. Ya duba ya ga hawan ne yake wahalar da mutane, sai ya tara abokansa suka jera duwatsu a wuraren santsi, suka yi matakala. Suka karkatar da kwatar da ke ratsa dandali. Ya kafa randa da moɗa a inuwa, ni nake cika ta. Sannan, don wanda ya hauro ya huta, ya gina dogon dakali daidai mashigar dandali, ya shafe shi da makuba har yana ƙyalli.

Dakali ya yi daɗi. Nan da nan dattawan gari suka mamaye shi, tun hantsi har la'asar ana dara ana gardama. Kasuwa kuwa sai ta ƙara mutuwa. Nomau ya rasa dalili, ya daina cin abinci sosai. Ni na sani, don a bakin rijiya ake faɗa. Garinmu ƙarami ne, kowa surukin wani ne. Duk matar da ta hauro da ƙwarya a ka sai ta tarar da uban mijinta da ƙannensa a jere a kan hanya. Dole ta cire takalmi, ta sauke kaya, ta durƙusa ta gaida kowa, a tambaye ta yara, a tambaye ta gajiya, sannan ta tsaya neman mai ɗora mata. Wata mai fura ta ce mini kafin ta gama gaisuwa nononta ya yi tsami. Amare ko leƙowa ba sa yi. Sai mata suka juya bakin titi, inda babu mai sanin 'yar wa ce ko matar wa ce.

Na bari sai da ya wanke hannu bayan tuwo, na ce, "Malam, ka gina wa surukai fada a ƙofar kasuwa. Wace ce za ta wuce?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Shi ne kika bar ni ina ta zargin aljanu?"

Ba a ce wa dattijo tashi, balle waɗannan da kowa ya riga ya san mazauninsa. Nomau bai ce wa kowa komai ba. Ya gina wani dakalin a ƙarƙashin ceɗiya, kusa da wurin alwala, ya yi masa majingini, ya fuskantar da shi masallaci. Ya ja 'yar gajerar katanga tsakaninsa da hanya, don in ido bai ga ido ba gaisuwa ba ta zama dole ba. Da kansu suka kwashe buzayensu suka koma, kowa yana cewa dama shi can zafin rana ya dame shi. Tsohon dakalin kuwa ya ƙara masa tsawo ya kai ƙirjin mace, yadda za ta zame ƙwaryarta a kai, ta sha ruwa, ta sake ɗauka ba sai ta kira kowa ba.

Mai fura ce ta fara dawowa, sai mai ƙosai, sai masu daddawa. Mahauci ya ga inda mata suke ya biyo su. Mai shayi ya hauro da teburinsa da fitilar sola, dandali ya koma ana hira bayan isha'i. Ɗayyabu da kansa ya kafa 'yar rumfa ta ranar Talata, yana cewa wai don ya riƙa duba mu ne. Ko da na fita takaba bai tada maganar saukowa ba, ya ga ba na wuni ba a yi mini sallama ba.

To ka ji. Babu katafila, babu babban gini. Matakala ce da randa da dakali, shi ma sai da aka kuskure aka gyara. Koma unguwarku ka duba abin da yake hana mutane tsayawa, ka fara daga nan, don Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Kafin ka tashi, taya ni roƙo. Allah ya jiƙan Nomau, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Ka ce amin.