Takardar Tiyatar Wuya

Sau biyu biro na suɓucewa daga hannun dattijon kafin ya kai kan takardar. Matarsa ta sunkuya ta ɗauko masa.

Wata takwas ke nan yana fama. Ciwon ya faro daga ƙugu yana sauka har babban yatsan ƙafa, daga baya wuya ya karɓa, yatsu uku na hannun dama suka mutu murus. Ya ɓoye wa kowa. A wurin aiki ya ɗauki hutu, ya ce gajiya ce. Ranar da ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, matar ta rantse ko ya tashi su tafi asibiti, ko ta kira 'ya'yansa su ɗauke shi cak.

Likitar, wata matashiya mai ƙaramin jiki, ta juyo masa da hoton bayansa.

"Guringuntsi biyu ne suka zame daga tsakanin ƙashi. Na ƙugu zai iya jira. Na wuyan ya danne laka, shi kam ba ya jira."

Bai ko ɗaga kai ba. Kallo ɗaya ya yi wa hoton makon jiya, ya ishe shi.

Gumi ya jiƙa masa baya. Ta gaban wuya za a shiga, daf da maƙogwaro, kuma kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya kwantar da mutum har abada. Ya tuna wani direban tirela da ya shigo asibitin nan da ƙafarsa yana raha, ya fita a keken guragu. Shekara goma sha ɗaya, har yau fuskar matar direban ba ta bar idonsa ba.

"In na ƙi fa?" ya tambaya.

"Hannun zai tafi, ƙafafu su bi bayansa."

"Baban yara, yau kai ne jikinka ke ɓari haka?" in ji matarsa. Ta so ta yi dariya, hawaye ya riga ta.

"Wa zai yi aikin?" in ji dattijon.

"Ni ce," in ji likitar.

Ya daɗe yana kallon hannuwanta a kan tebur. Siraran yatsu, farce yanke ƙwal, ko gezau ba sa yi. Ya damƙe biron da tafin hannu duka kamar mai riƙe wuƙa, ya ja wani karkataccen layi da shi kansa bai gane ba.

Likitar ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Yadda ka koya mini zan yi maka, ai wuya sama da ɗari uku na tsaya a gefenka ina kallo kana buɗewa."